Ranar da Kakana Ya Karɓi Sunan Najeriya

Ana gobe bikin samun 'yancin kai, a shekarar 1960, na dawo daga makaranta da 'yar tuta a hannu, ƙafafuna duk taɓo, na tarar da kakana Malam Sale a zaure yana wasa magirbi, don geronmu na Sharaɗa ya isa girbi. Ni kuwa bakina ba ya shiru, har yau. Na zayyane masa abin da malaminmu ya koya mana, cewa in baƙo ya tambaye ka ƙasarku da Turanci, Najeriya za ka fara faɗa, sannan Kano ta biyo baya. Tabɗi! Tsohon da kullum yake tsokanata da "amaryata" sai ya haɗe rai. "Kano ce za ta bi bayan sunan da ko rago ba a yanka masa ba?" Nan take ya ce ni da boko har abada.

Babana yana aiki a kamfanin man gyaɗa a Bompai, kullum sunan nan yake bugawa a jikin ganguna, amma a gaban mahaifinsa ko tari ba ya yi. Na sha kuka har na gode Allah. Ina gona ina korar tsuntsaye, ina kai wa masu girbi fura, ina hango ƙawayena suna wucewa da allunansu.

Malaminmu, wani siririn mutumin Ɗorayi, shi ya tako har zaurenmu. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa, bai kawo gardama ba. Ya ce, "Gaskiyarku ne, Malam, Turawa ne suka raɗa sunan, amma a ruwanmu suka ɗebo shi. Kogin da kuke kira Kwara, shi suke ce wa Neja, daga nan suka samo Najeriya." Ashe kakana da ƙuruciyarsa ya yi fataucin goro, ya ƙetare Kwara da jakuna, kuma a bakinta ya binne ƙanensa. Ko babana bai taɓa jin labarin ba. Sai tsohon ya goge ido ya ce, "In dai Kwara ce, ai ina da nawa a can." Washegari da kansa ya raka ni makaranta.

Yau gonar tamu masana'antu sun cinye ta, jikokina kuma suna faɗin sunan nan ba su san an taɓa yin kuka a kansa ba. Allah Ya jiƙan malamin nan. Da bai durƙusa ba, da ko sunana ban iya rubutawa ba.