Mai Jitar da Ya Hana Ni Takalmin Salla

Jajibirin ƙaramar salla, shekarar da na cika goma, na tsaya a ƙofar falonmu a Bronx ina jiran Baba ya kai ni Fordham Road. Akwai wani farin takalmi da na daɗe ina leƙe ta gilashin kanti, guda ɗaya ya rage daidai ƙafata, kuma da yamma ake rufewa. Baba ya sa hula, har ya ɗauki makullin mota, sai idonsa ya faɗa kan faifan nan. "Waƙa ɗaya kawai, Uwata," in ji shi. Ya ɗora faifan a kan garmaho.

Faifan wasu Turawa ne masu wani salon kiɗa da ake kira bulus, da jitar lantarki, an ɗauke shi a gaban jama'a, waƙa ɗaya takan cinye fuska guda ta faifan sukutum. Mawaƙin zai yi baiti biyu ya yi shiru, mai jita ya karɓe. Daga nan fa sai ta Allah: ya hau, ya gangaro, ya kama tsirkiya ɗaya yana sa ta kuka kamar akuyar da aka ɗaure a rana, mai ganga ya ba shi amsa, ya ce bai yarda ba, a sake. Baba ya ce ba wanda ya rubuta musu, nan take suke ƙirƙira. Ni kuwa gani nake sun manta waƙar ne, suna jin kunyar faɗa.

Baba ma'aikacin asibiti ne mai kiyaye lokaci, amma ba ya ɗaga allurar garmaho ana tsakiyar kiɗa. A garinsu, wai, in mai goge ya tafi yawo, ba a tashi sai ya komo kan waƙarsa. Na buga ƙafa: "Baba, store ɗin zai rufe!" Ya ɗaga min hannu: "Ya kusa dawowa. Ba a barin mutum a daji." Umma ta leƙo daga kicin da ludayi: "Malam, wannan baƙon naka ba shi da gida ne?"

Da mai jitar ya ga dama ya dawo, mutanen cikin faifan suka yi tafi, Baba ya taya su. Muka isa an ja ƙofar ƙarfe. Da baƙin takalmin makaranta na yi salla, ina cika ina batsewa, Baba na ta ba ni haƙuri ina kau da kai.

Yau 'ya'yana ba sa kai waƙa rabi sai sun tsallake ta da ɗan yatsa, takalmi kuwa har ƙofa ake kawo musu. Baba ya rasu, faifan yana wurina, duk ya kakkarce. Nakan sa shi, mai jitar ya fara yawonsa, haushin ya taso min sabo fil. Sai dai yanzu babu wanda zan buga wa ƙafa.