Malam Danna-Nan da Shafin Buga Takarda

Mutumin da jikokinsa suke kira Malam Danna-Nan ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana buga tafireta a wani ofis mai manyan tagogi da fankar da sai an tura ta da sanda take juyawa. Wasiƙun wasu yake bugawa, da sanarwar wasu. Da aka kawo kwamfuta ya koya, da ƙyar dai amma ya koya, ba a jima ba aka yi masa ritaya aka sallame shi da agogon bango. Matarsa Hajiya ta ɗauka daga nan sai hutu: masallaci, gida, ɗan zagaye da yamma saboda ciwon gwiwa. Ashe Allah bai nufa ba.

Surukinsu, mijin Auta, mai gyaran kwamfuta ne. Shi ya kawo musu wata tsohuwa da aka daina amfani da ita, ya ɗora a kan teburin cin abinci, wai na ɗan lokaci. Ya sa mata wata manhaja ta tsara takardu, irin wadda ake yin sanarwa da katin gayyata da ita. Ya ce ba ta kamfani ba ce, 'yan sa kai ne a ƙasashe daban-daban suke haɗa ta kyauta, kowa yana iya buɗe cikinta ya gyara. Malam ya buɗe littafin bayaninta, ya karanta shafi guda, ya cire tabarau.

"Wanda ya rubuta wannan ya iya abin," in ji shi, "amma bai taɓa koya wa kowa komai ba."

Sai mijin Auta ya faɗi maganar da har yau Hajiya ba ta gama yafe masa ba: "To Baba, ai suna neman masu rubutawa."

Tun daga ranar gidan ya koma cin abinci a kan cinya.

Ba a biyansa ko sisi, ba a kuma sa sunan kowa a shafukan. Waɗanda yake aikin da su bai taɓa ganin fuskarsu ba. Mai kula da littafin wata mata ce da ta sa hoton kyanwa a maimakon nata, don haka Hajiya take kiranta Mai Kyanwa. Amma ko a ofis bai taɓa riƙe aiki da irin wannan gaskiyar ba. Ya kafa wa kansa doka: ba ya rubuta abin da bai gwada da hannunsa ba, kuma ba ya tura shafi sai wanda bai san komai ba ya bi shi ya dace. Wanda bai san komai ba a gidan nan, Hajiya ce.

"Hajiya, ɗan zo."

"Malam, tukunya na kan wuta."

"Ba zai ɗauke ki lokaci ba. Zauna. Karanta layin farko ki yi abin da ya ce. Kada ki tambaye ni, ki ɗauka na mutu."

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"To ki ɗauka na yi tafiya."

Sai ya koma bayanta ya harɗe hannu, yana numfashi a kan ɗankwalinta. In ta danna daidai ya yi shiru. In ta kauce, ba ya yi mata faɗa, sai ya ce laifin rubutun ne, ya tashe ta ya gyara, ya sake kiranta. Wannan ya fi faɗan ciwo, domin faɗa yana ƙarewa. Miya nawa ta kama a gidan nan saboda layin farko, Allah kaɗai ya sani.

A cikin shafukansa duka, wanda ya fi ji da shi shi ne na buga takarda. A kwamfutarsa, in aka danna hoton firinta ba abin da yake faruwa, sai an sake dannawa takarda take fitowa. Ya gwada, ya sake gwadawa, Hajiya ma ta gwada har ta haddace. Bai taɓa kawowa a ransa cewa lalura ce ba. Shi a saninsa kowace na'ura tana da halinta, kamar mutum, in ka gane halin sai ku zauna lafiya. Saboda haka ya zauna ya rubuta, da natsuwa:

"Idan ka gama tsara takardarka, ka danna hoton firinta da ke sama. Ba za ka ga komai ba. Kada hankalinka ya tashi, kada ka kashe na'ura, kada ka zargi kanka. Ka ja numfashi, sannan ka sake dannawa. A karo na biyu takarda za ta fito."

Sauran 'yan sa kan suka yaba da taushin rubutun, aka sa shi a littafi. Da alama a cikinsu babu wanda ya jona firinta ya duba.

Wata safiya, bayan an yi nisa da wannan, Hajiya tana shara ta ji ya ce, "Inna lillahi." Ta yar da tsintsiya ta taho, ta ɗauka rasuwa aka yi. Saƙo ne daga Mai Kyanwa. Ta ce dannawa sau biyun nan kuskure ne da ke cikin manhajar, kuma an gyara shi a sabuwar da aka fitar. Yanzu duk wanda ya bi shafin Malam, takardarsa biyu take fitowa, mutane suna ta ƙorafi. Ta roƙe shi ya gyara kafin ƙarshen mako. In bai samu dama ba, za ta miƙa shafin ga wani ya sake rubuta shi daga farko.

"Sun gyara," in ji Malam, kamar wanda aka yi wa sata. "Wa ya ce su gyara?"

"To ba gara da suka gyara ba?"

"Ba su faɗa wa kowa ba."

"Ga shi sun faɗa maka. Goge biyu ka sa ɗaya, ka tashi ka karya."

Ya juyo ya dube ta ta saman tabarau. "In rubuta abin da ban gani ba?"

Nan gizo yake saƙa, domin tsohuwar kwamfutar ta ƙi ɗaukar sabuwar manhajar. Ya yi ta fama har azahar, ta ƙi. Ya yi salla ya dawo, ta ƙi. Ya ce ba zai rubuta ƙarya ba, kuma ba zai bari wani yaro da bai san zafin koyo ba ya taɓa masa shafi. Hajiya ta kai abinci ta ɗauke shi kamar yadda ta kai. Mutumin da bai rasa barci ba ranar da aka yi masa ritaya, ga shi yana zagaye tsakar gida saboda shafin da ba wanda ya san nasa ne. Da ta ga abin ba na ƙarewa ba ne, ta kira mijin Auta a waya.

"Kai ka kunna wutar nan, sai ka zo ka kashe."

"Mama, ina wajen aiki wallahi. Amma ki ce wa Baba ya je shagon buga takardu na bakin titi, kusa da mai kanti. Kwanan nan na sa masa sabuwar."

Washegari ta yafa mayafi ta bi shi. Ta ce zare za ta saya, amma ta san in ta bar shi shi kaɗai, sai an rufe shagon yana ciki.

Shagon ɗan ƙarami ne, mai warin tawada da takarda mai ɗumi. Akwai benci guda na masu jira, da firinta babba, da tarin takardu a kwali har gwiwa. Mai shagon ƙaton mutum ne mai gumi, da biro a bayan kunne. Wata malamar makaranta tana tsaye, ta ce a buga mata sanarwa guda goma. Hajiya tana kallo ya rubuta biyar, ya danna, ya ja numfashi har kafaɗunsa suka ɗaga, ya sake dannawa. Goma suka fito.

Malam ya matsa. "Ɗana, me ya sa ka rubuta biyar?"

"Baba, sannu da zuwa. Ai abin kyauta ne, haka yake. Komai biyu yake haifa. Sai na gano dabara, in sa rabi."

"In mutum guda ɗaya yake so fa?"

Mai shagon ya nuna kwalin da ƙafa. "Ga su nan. Bayansu nake yin lissafi."

"To ka danna sau ɗaya mana."

Mai shagon ya yi dariya, ya juya ya buga tafin hannu a bango. A nan, gefen kalanda, an manna wata takarda da salatif, gefenta ya fara naɗewa. Hajiya ba ta buƙaci tabarau ba. Ta gane ta daga tsayin layukan.

"Baba, ga abin da masu abin suka rubuta da kansu. Sau biyu. Har da jan numfashi. Ni ba na wasa da umarnin masu abu, ka karya doka na'ura ta ƙone, wa zai biya ka?"

"An gyara. Yanzu sau ɗaya ne. Ba ni wuri in gwada."

"A'a Baba, da girmanka. Kowa ya shigo shagon nan injiniya ne. Jiya wani ya ce in hura mata iska. Kai ka fi waɗanda suka rubuta sani ne?"

Kunya ta kama Malam, Hajiya ta gani. Ya gyara hula, ya ce a hankali, "Ni na rubuta."

Mai shagon ya dubi silifas ɗin Malam, ya dubi sandarsa, ya dubi malamar makaranta, wadda ta riga ta kare bakinta da sanarwarta tana danne dariya.

"Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ni ma ni na ƙera firintar."

Hajiya mace ce da ba ta ɗaga murya a waje. Amma ta gaji, ƙafarta na ciwo, kuma duk haushin da take ji na mutumin nan, nata ne, ba na mai biro a kunne ba. Ta juya wa bangon baya, ta fuskanci titi, ta fara: "Idan ka gama tsara takardarka, ka danna hoton firinta da ke sama. Ba za ka ga komai ba. Kada hankalinka ya tashi, kada ka kashe na'ura, kada ka zargi kanka." Ta kai har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba, mai shagon yana bin layukan da yatsa, bakinsa a sake.

"Da farko 'kada ka firgita' ya sa," in ji ta. "Ni na ce ya canza, don firgita ta yi yawa. Yanzu ka tashi ka ba shi kujerar, ina da abin yi a gida."

Ya tashi.

Malam ya zauna, ya goge tabarau, ya yi bismilla, ya danna. Firinta ta yi ɗan tari ta turo takarda guda. Yatsansa yana nan a sama, yana son ya ƙara. Hajiya ta kama hannun rigarsa ta riƙe. Suka jira. Ba abin da ya sake fitowa.

"Ikon Allah," in ji mai shagon. Ya dubi kwalin takardun nan, ya dubi Malam. "Baba, wato duk wannan..."

"Laifina ne," in ji Malam. "Ka yafe mini."

"Wallahi da na san kai ne, da tuni na zo gida na same ka."

"Allah ya rufa asiri da ba ka sani ba," in ji Hajiya.

Malam bai bar shagon ba sai da ya gwada a kan takarda mai hoto, da mai shafi da yawa, da ta kwance, ya kuma nemo inda mutum zai duba ya san ko tsohuwar manhaja yake da ita ko sabuwa. Zaren dai ba a saya ba.

A gida ya rubuta sabon shafi mai hanya biyu: masu sabuwa su danna sau ɗaya, masu tsohuwa irin tasa su ci gaba da biyu. A sama ya ɗora dogon ban haƙuri ga duk wanda ya yi asarar takarda ta dalilinsa, a duk ƙasar da yake. Ya tura tun mako bai ƙare ba.

Amsar Mai Kyanwa gajeriya ce. Ta gode, ta ce bayanin ya fito sarai, shafin yana nan a hannunsa. Ban haƙurin kuwa ta cire, ta ce littafin bayani ba wurinsa ba ne. Malam ya yi ta mita har la'asar, wai mutanen yanzu ba su san ladabi ba. Amma ya ci abinci, har ya nemi ƙari, kuma Hajiya ta ji shi yana ɗan waƙe-waƙe a wajen alwala. Ta yi hamdala, ta ɗauka an gama.

Abin da ba ta sani ba, mai shagon ya bi layi yana faɗa wa kowa cewa tsohon nan mai sanda shi ya ƙera kwamfuta. Da safe aka yi sallama. Hajiya ta leƙa ta ga matar mai kanti a bakin ƙofa, rungume da dutsen guga, wayarsa tana jan ƙasa.

"Mama, ina kwana? An ce Baba ya san inda ake dannawa. Tun jiya ya ƙi yin zafi."

"'Yar nan, ba irin wannan yake yi ba. Ki kai wa mai gyara."

Daga ciki ta ji an ja kujera, ta ji sanda ta taɓa ƙasa.

"Hajiya, tambaye ta, ta zo da takardar bayaninsa?"

Hajiya ta ɗaga ido sama, ta ce, "La haula wa la ƙuwwata." Sannan ta matsa gefe ta ba matar hanya.