Hannun jarin Baba Abakar da gonar mahaifinsa

Cikin shekarun da na yi a teburin hannun jari na bankinmu a Gadarif, ranar da ban taɓa mantawa da ita ba ita ce wadda Baba Abakar na garin Doka ya ƙi sayarwa.

Ga wanda bai san aikin ba, mu masu shiga tsakani ne. Mai hannun jari ya sa hannu, mudir, wato manajan banki, ya amince, mu aika wa dillalinmu a Khartum. Haraji kuma a kan riba kawai ake cirewa, wato abin da ya ƙaru a kan kuɗin saye.

Baba Abakar manomin dawa ne, yana da hannun jari a wani kamfanin matsar riɗi. Da kaka ya zo ya ce mini gonar mahaifinsa, wadda fari ya sa aka sayar tun yana saurayi, an sa ta a kasuwa, kuma yana so ya dawo da ita. Na duba, farashin hannun jarinsa ya hau sosai. Na ce ya sayar yau, ko an cire haraji kuɗin zai isa.

Da ya ji haraji sai ya ɓata rai. Ya ce shi bai taɓa sayar da komai da kaka ba. Dawa ma binne ta yake yi a rami har damina, lokacin da ta yi tsada. In ya jira, ƙarin da zai samu ya biya hukuma. Na yi bayani har bakina ya bushe cewa takardar hannun jari ba ta san damina ba. Mudir ma ya fito ya sa baki. Baba ya yi mana dariya irin ta wanda ya girme mu duka.

"Ya waladi, ɗana, ku kun san alƙalami, ni na san kasuwa. Khalas, magana ta ƙare, sai damina."

Farashin bai faɗi ba, har ɗan ƙaruwa ya yi. Amma mai gonar bai jira ba, ya sayar wa wani ɗan kasuwa kafin ruwan farko.

Ban sake ganin Baba ba sai wata kakar. Ya rame. Na tambaye shi ko yanzu za a sayar, ya girgiza kai.

"In sayi me? Na kama aikin gadi a gonar. Ko ba komai, a nan nake kwana."

Wallahi sai da na fita waje na share ido. Har yau ina kewar tsohon nan da taurin kansa.

Ku da kuke teburin yanzu, an koya muku kallon farashi da haraji, kuma daidai ne. Amma ku fara tambayar mutum me zai yi da kuɗin, kuma har yaushe abin zai jira shi. Baba Abakar ya rasu da hannun jarinsa cif, a bukkar gadi.