Motar Alhaji Ta Karkata Hagu

Shekarar da na bar aikin gareji na koma tuƙin tasi, maƙwabcina na hawa na uku ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, da gado da banɗaki da wurin girki. Dattijo ne mutumin Maraɗi, yana da tebur a bakin titi inda yake sayar da huluna da jakunkuna, duk gidan kuma Alhaji muke ce masa. A masallacinmu na unguwar Tremont, a nan Bronx, an yi ta mamaki, don ko ƙaramar mota samun wurin ajiye ta wahala ne a unguwar.

Ni na san dalili. Matarsa, Hajiya, ciwo ya kama mata ƙashin baya, ba ta iya zama sai kwanciya. 'Yarsu kuwa ta yi haihuwar fari a can jihar Ohayo, an yi mata aiki, likita ya hana ta doguwar tafiya. Hajiya ta gaji da ganin jikanta ta waya, ta ce so take ta riƙe shi da hannunta.

Wata Asabar da hantsi ya ƙwanƙwasa min ƙofa.

"Malam, zo ka gane min motar ga. Ta kwanta gefe guda, ban san mi ya same ta ba."

Na sauka na duba. Bayanta na hagu ya zauna sosai, har idan ka shiga ciki sai ka ji ƙafarka na jan ka gefe. Mai lafiya ma ba zai ji daɗin gadon nan ba, balle Hajiya. Na leƙa ƙasa na ga ba sifirin ne ke ɗauke da ita ba, jakunkunan roba ne da ake cika wa iska. Kowane gefe na baya yana da bawul da wani siririn ƙarfe ya haɗa da aksul, wato sandar da ke riƙe da tayoyi. Shi ke sa a ƙara iska idan jikin motar ya sauka, a rage idan ya hau.

Na ce masa ba a awo a kan gangare, unguwarmu kuwa duk tudu ce da kwari. Sai da muka samu filin wani sito da ba ya aiki ranar Asabar, mai gadin ɗan Kumasi ne, ya bar mu muka shiga. Muka daidaita iskar tayoyi, muka cika tankin ruwa kamar yadda za ta yi tafiya, muka bar injin yana aiki har iska ta cika. Kafin in shiga ƙasa na jera manyan katakai a ƙarƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, na danne tayoyin da duwatsu.

Na auna daga aksul zuwa wannan ƙarfe, dama da hagu, na kwatanta da tsayin da kamfanin ya rubuta. Dama daidai take. Hagu ta gaza da kamar faɗin yatsu uku. Siririn ƙarfen ya yi tsatsa, ya zame daga wurinsa. Alhaji ya tsuguna yana miƙo min sifana, ya riƙe bakin tef, wanda shi metir yake ce masa.

Ina cikin kwance notinsa sai siririn ƙarfen ya ɓalle gaba ɗaya, hannun bawul ya juya. Na ji iska ta fita da ƙara, jikin motar ya sauko a kaina ya tsaya a kan katakan. Ban ji ciwo ba, amma ƙarfen jikin motar ya zo dab da ƙirjina. Sai na ji an kama ƙafafuna an ja ni waje da wani ƙarfi da ban san dattijon yana da shi ba.

Ya zauna a ƙasa yana salati.

"A bar ta. Wallahi a bar ta. Kana da ɗiya ƙanana, mi zan ce ma uwarsu?"

Na ce, "Alhaji, katakan sun riƙe. Don haka na sa su. In mun bar ta haka, Hajiya ba ta zuwa."

Sai ya tashi da kansa ya ƙaro katako.

Na samo sabon ƙarfe a shagon kayan manyan motoci. Aikin da ya rage na haƙuri ne. Ka ɗan gyara tsayin ƙarfen, ka jira bawul ya amsa, don ba ya gaggawa, ka zagaya da motar ta zauna, ka dawo wuri ɗaya ka sake awo. In ka taɓa hagu sai gaba ta ɗan motsa, sai ka koma can. La'asar ta same mu a filin, muka yi salla a kan kwali. Da awon ya zo ɗaya na shafa kumfar sabulu a bututun, babu inda iska ke fita.

Washegari matan gidan suka sauko da Hajiya, aka kwantar da ita a gadon. Na ja motar a hankali muka bi titin da ke ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, inda ramuka suka fi yawa. Ina jin Alhaji yana tambayarta ko da ciwo.

Ta ce, "Da sauƙi. Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Ni na tuƙa su zuwa Ohayo, don idanun Alhaji ba sa jure doguwar hanya. Ban shiga ɗakin mai jego ba, amma daga falo na ji Hajiya tana yi wa jaririn wasa da wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba. Na dawo a bas na bar su can.

Hajiya ba ta sake ganin Bronx ba. Ta rasu a gidan 'yarta kafin sanyi ya shigo, a can aka binne ta. Alhaji ya dawo shi kaɗai bayan sadakar arba'in. Da na je yi masa ta'aziyya na same shi yana ninke zannuwanta, zai aika wa 'yan'uwanta a Maraɗi. Ya nuna min kujera, na zauna na taya shi ɗaure kwalin.