Gammon Maman Joyce

Ni ce na fara kai ƙarar karen, gara in faɗa da bakina tun yanzu.

Malam Hezekiah ya zo Gumel a shekarar da aka ba mu jihar Jigawa. Mutumin Filato ne, ma'aikacin dabbobi, kuma maigidana Malam Barau ya ba shi hayar sashen da ke jikin katangarmu. Dogo ne, ba ya magana sai ta kama, ga tsabta har ta yi masa yawa. Mutumin da zai zauna ya goge takalmi ƙal sannan ya tafi kara, inda kashin shanu ke jiransa, ai sai dai a sa masa ido. Kowace Alhamis yakan hau mashin zuwa Maigatari ya duba shanun da ake shigowa da su daga Nijar, ya buɗe baki, ya ɗaga kofato. Ba abin da ya tsana a duniya kamar kaska.

Matarsa Agnes ita ce bakin gidan. Maman Joyce muke ce mata, ko da yake Joyce ɗin ta yi aure a Jos, sau biyu kawai na taɓa ganinta. Dankalin Turawa da doya take sayarwa a kasuwa. Ita ta zo da karen, wani baƙi mai suna Duna. Ranar farko na gaya mata mu ba ma zama da kare. Ta yi dariya ta ce ba zai taka sashenmu ba, kuma gaskiya bai taɓa takawa ba. Kullum da la'asar takan dawo da tire a ka da ƙashi daga wurin mahauta. Duna ya yi haushi ɗaya, ta ce masa ta iso, shi ke nan sai gobe.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo gari. Ranar Talata ta biyo ta gidanmu, ta sauke tire, ta ce wuyanta ya riƙe. Na ba ta ruwan randa, har na tsokane ta cewa kuɗin doya ne suka yi mata nauyi. Ranar Juma'a ta rasu. Aka kai ta garinsu, 'yan'uwanta mata suka raba kayan sawarta kamar yadda suke yi a can, ko ɗankwali ba a bari ba. Bayan mako uku mijinta, Baban Joyce, ya dawo da jaka ɗaya.

Tun daga nan Duna ya fara. Da an kira la'asar sai ya je bakin ƙofa ya tsaya yana haushi, ba ya dainawa sai magariba. Masallacin unguwa a ƙofar gidanmu yake, liman yana sallah kare yana amsa masa. Surukata Iya Kyauta tana kwance ba lafiya, ba ta samun rintsawa da rana. Na san dalilin haushin, kowa ya sani, amma na gaji, ni kuwa idan na gaji bakina ba ya shiru. Na sa maigida a gaba har ya je ya sami Baban Joyce. Ya yi masa ta'aziyya tukuna, sannan ya ce ba korarsa yake yi ba, amma in wata ya ƙare karen bai daina ba, sai a nema masa wani wuri. Baban Joyce ya ce ya ji, kuma ya yi alkawari.

Ba abin da bai gwada ba. Ya ɗaure shi a bayan ɗaki, Duna ya ci igiyar. Ya jingina zana a ƙofa don kada ya hango masu wucewa. Ya riƙa fita da shi da sassafe har bayan gari don ya gajiyar da shi, shi ya gaji, karen bai gaji ba. Ya je wurin mahauta da kansa ya sayo ƙashi, Duna ya shinshina ya koma bakin ƙofa. Wani ya ce bulala ce magani, bai ko amsa masa ba. Sau ɗaya ya sa masa takunkumi, kukan da ya fito ta hanci ya fi haushin ciwo, bai yi minti goma ba ya cire.

Wata Lahadi ina shara, na janye randa, sai ga gammon Maman Joyce a bayanta, tsohon zanen da take naɗewa ta ɗora tire. Ranar Talatar nan ya faɗa can. Na ɗauka, ƙanshin man kitsonta da zufarta suka buge ni, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Da yamma na yafa mayafi na kai masa.

"Baban Joyce, ga wannan. Nata ne."

Ya miƙo hannu. Kafin ya gama karɓa Duna ya bar ƙofa, ya zo ya cusa hanci cikin zanen. Da aka shimfiɗa masa sai ya kwanta a kai ya ɗora haɓa. Ranar aka kai magariba ba haushi. Haka Litinin, haka Talata. Iya ta yi barci, maigida ya ce magana ta wuce, ni ma na ji sanyi a raina.

To, kowace Asabar Baban Joyce yakan yi wa karen wanka da maganin kaska, ya tattara buhun da yake kwanciya a kai da duk wani tsumma ya jiƙa a ruwan izal mai kashe ƙwayoyin cuta. Wannan Asabar ɗin na aika masa da koko ba a amsa sallama ba, sai na leƙa da kaina. Na tarar da shi tsugune, hannu biyu cikin bokiti, ruwan ya yi fari kamar nono, gefen zanen yana yawo a sama. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Shekara ashirin hannuna yana wannan aikin," in ji shi. "Bai tsaya ya tambaye ni ba."

Da zanen ya bushe ya shimfiɗa. Duna ya shinshina, ya yi atishawa, ya koma bakin ƙofa. Haushin ranar ya fi na kullum.

Na roƙi maigida ya ƙara masa lokaci, kuma ya yarda. Baban Joyce ne ya ƙi, ya ce ya riga ya yi alkawari a gaban mutane. Ƙarshen wata ya sa Duna a kwali, ya ɗaure a bayan mashin, ya kai wa Sajo, wani makiyayi wajen Sule Tankarkar da yake yi wa shanunsa allura.

Unguwa ta samu shirun da na nema. Amma da an kira la'asar sai in ji ƙarar kujerar ƙarfe ana janta a bayan katanga har bakin ƙofa. Shekara uku ina jin wannan ƙarar, har Baban Joyce ya yi ritaya ya koma gida. Sau ɗaya na daure na ce masa ya yafe mini. Ya ce ba laifina, haushin ya yi yawa, shi ma ya sani. Ya dubi zanen da ke ninke a cinyarsa.

"Sai dai lokacin da yake haushi, mu biyu ne muke jira."

Na ajiye masa kwanon tuwon da na kawo na koma gida.