Agogon Dafa Ƙwai na Corinne Vasko

Duk wanda ya taɓa aiki a laburaren gundumarmu, a nan garin Tarrow na jihar Pennsylvania, ya san agogon da ke cikin durowar farko ta teburin karɓar littattafai. Ɗan ƙarami ne, fari, irin wanda ake maƙalawa a jikin firij don kada ƙwai ya wuce dahuwa. Ranar da aka ɗauke ka aiki, tun kafin a nuna maka inda ake rataye makullai, Corinne Vasko za ta ja ka gefe ta ɗora maka shi a tafin hannu.

"Ina da farfaɗiya," za ta ce, kamar mai gaya maka ranar kwashe shara. "In ka ga na faɗi, danna nan. Ka juya ni gefe, ka janye kujeru, kar ka cusa min komai a baki. In ta lafa kafin minti biyar, ƙyale ni, zan tashi. In ta wuce biyar, to kira motar asibiti. Amma kafin biyar, ko da wasa kar ka taɓa waya."

Sabon ma'aikaci yakan yi tsuru-tsuru, amma ba ya tambayar dalili. Kowa a nan ya san abin da shiga motar asibiti ke ci.

Corinne 'yar ma'aikacin kamfanin gilashi ce, kamfanin da aka rufe tana aji uku na sakandare. Ita ce ta fara zuwa jami'a a danginsu kaf. Tana da shekara goma sha takwas, lokacin da doka ba ta yarda a sayar mata da kwalbar giya ba, aka yarda ta sa hannu a kan bashin karatu na dubban daloli, har ana yi mata murna. A shekararta ta biyu ciwon ya same ta, ta yanke jiki ta faɗi a layin karɓar abinci. Zango guda ya salwanta, sai da ta ƙara cin bashi ta maimaita. Da ta gama aka ce mata aikin laburare sai da digiri na biyu, ta sake sa hannu. Dala dubu sittin da ɗaya ta ranta gaba ɗaya. Kusan shekara goma tana biya ba fashi, kuɗin ruwa kuma yana hayayyafa a bayanta, har bashin ya koma dubu saba'in da huɗu. Ni dai har yau ban gane wannan lissafi ba, kuma ban yarda waɗanda suka tsara shi sun taɓa jin kunya ba.

Ƙofa ɗaya ce ta rage mata. Akwai tsarin gwamnati da ya ce wanda ke yi wa jama'a aiki na cikakken lokaci, in ya biya sau ɗari da ashirin, wata-wata, za a yafe masa sauran. Sharaɗin shi ne biya na ƙarshe ya same ka kana bakin aikin. Kan wannan lamba Corinne ta ɗora rayuwarta. Ba ta yi aure ba, ba ta canza mota ba, rigar sanyinta guda ce tun zuwanta. Tana da kirki, amma kirkin mutumin da kullum yake lissafi a zuci, kana mata magana tana kallon wani wuri kusa da kunnenka.

Rabonta da faɗuwa shekara uku. Waccan ta same ta a kantin cefane, wata baiwar Allah mai tausayi ta kira motar asibiti. Tafiyar mil huɗu, dala dubu ɗaya da ɗari tara, ban da na ɗakin gaggawa, wanda har yanzu take biyan saba'in da biyar duk wata. Kuɗin ma da sauƙi. A jiharmu likitan da ya ga ka faɗi dole ya sanar da hukuma, a karɓe lasin tuƙinka wata shida. Corinne tana zaune mil ashirin da biyu daga wurin aiki, inda haya ke da araha, kuma bas ba ta bi ta can. Wancan karon mahaifiyarta ce ta riƙa kai ta tana ɗauko ta. Bara aka binne mahaifiyar. Yanzu in lasin ya tafi aiki ya tafi, inshorar lafiyarta kuma a jikin aikin take, haka ma lambar nan ɗari da ashirin.

Sai Janairu ya zo, watan da duk mai ciwon da ba ya warkewa yake tsoro. Da shekara ta juya inshora takan koma farko, sai ka kashe dala dubu uku daga aljihunka kafin su fara sa hannu. Corinne ta tsaya gaban mai kantin magani, ya duba kwamfuta ya ce, "Ɗari huɗu da talatin." Ya faɗa a hankali don kada na baya su ji. A asusunta akwai kuɗin haya, da na man ɗumama gida, da saba'in da biyar na asibiti, da ɗari biyu da talatin da shida na biyan bashi karo na ɗari da goma sha tara. Babu ɗari huɗu da talatin a ko'ina.

"Ba ni na sati biyu," ta ce.

Ta koma gida ta zube ƙwayoyin a kan faranti, ta ɗauki wuƙar yanka albasa ta raba kowace biyu. Ta san abin da take yi. Ta ce wa kanta shekara uku lafiya lau, wata ɗaya ba zai zama komai ba. Ranar goma sha biyu ga wata ta biya na ɗari da goma sha tara. Saura ɗaya, goma sha biyu ga Fabrairu.

Ranar Litinin ta ƙarshen Janairu, kafin a buɗe wa jama'a ƙofa, ita da Wendell Pruitt kaɗai ne a ɗakin baya suna jera littattafai a kwali. Wendell shi ne direban motar da ke kai littattafai ƙauyuka da gidajen tsofaffi. Shekararsa sittin da uku, ya yi talatin a masana'antar ƙarfe, hannunsa kamar faifai, kuma bai taɓa kiran Corinne da sunanta ba.

"Farfesa, yau fuskarki kamar an wanke an shanya. Kin karya kuwa?"

"Na sha kofi."

"Kofi! Duk digirin nan ba wanda aka koya miki cin abinci a ciki?"

"Wannan darasin sai an ƙara kuɗi, tsoho. Miƙo min kwalin can."

Ta juya baya ta ciro 'yar kwalbar magani daga jaka. Ta ɗauka bai gani ba, amma Wendell ya yi jinyar matarsa shekara biyu kafin ta rasu, ya san kamannin ƙwayar da aka gutsure da wuƙa.

"Wa ya ce ki riƙa shan rabi?"

"Ba ruwanka."

"Likita ne ya ce?"

"Wendell, saura kwana goma sha shida." Muryarta ta yi ƙasa, ta yi kaifi. "Shekara goma nake bin abin nan. Kwana goma sha shida, in biya, in tura takarda, shi ke nan na zama mutum. In wani abu ya faru kafin nan, in motar nan ta zo ta ɗauke ni, to ka ɗauka sun kwashe shekara goman sun zuba a kogi. Ka gane? Na gama yawo."

Suka ci gaba da aiki.

Ba a yi rabin awa ba ta ji ɗanɗanon ƙarfe a harshenta, kamar ta tsotsi tsabar kuɗi. Ta san shi, alamar faɗuwa ce. Wani abu ya taso mata daga ciki zuwa maƙogwaro, tsoro ya rufe ta, tsoro tsagwaronsa. Ta lalubi gefen tebur ta fara durƙusawa.

"Agogo," ta ce. "Wendell, agogo."

Abin da ta fara ji da ta dawo shi ne sanyin daɓe a kumatunta da jini a bakinta. Ba ta san ranar ba, ba ta san ɗakin ba, sunanta ma sai da ta neme shi. Amma tun kafin hankalinta ya gama haɗuwa kunnenta ya fita waje yana neman jiniya. Ta kasa kunne. Injin ɗumama ɗaki yana gurnani. Wata mota ta wuce a kan dusar ƙanƙara, ta yi gaba. Ba takun baƙin takalma, ba mai tambayarta ko ta san wace shekara ake ciki.

Rigar sanyin Wendell ce a ƙarƙashin kanta. Shi kuma yana zaune dirshan a ƙasa, ya jingina da kwali, fuskarsa ta yi fari fat.

"Minti nawa?" ta ce. Harshenta ya kumbura, da ƙyar maganar ta fito.

"Huɗu da 'yan kai."

"Ka kira?"

"Ban kira ba."

Ta rufe ido, hawaye suka gangaro mata ta gefe. Daɗi ta ji, ba za ta yi ƙarya ba, daɗin da ya fi ciwon kan da ke sara mata. Ya taimaka mata ta hau kujera, ya kawo ruwa, ya ce zai je ya tayar da mota ta yi ɗumi. Bai dube ta ba ya fita.

Sai da ta ɗan huta ta sunkuya ɗaukar jakarta, ta hangi agogon a ƙarƙashin tebur. Ta ɗauko don ta mayar da shi durowa. Yana nan a tsaye inda aka tsayar da shi, ba a goge ba. Minti bakwai da daƙiƙa goma sha ɗaya.

Ta daɗe tana kallon lambar. Likitanta ya sha gaya mata abin da ke iya samun ƙwaƙwalwa bayan biyar, da irin waɗanda ba sa tashi.

Ta sa rigarta ta fita tana dafa bango. Wendell yana cikin motar littattafai, bai ma tayar da ita ba, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ta buɗe ɗaya ƙofar ta hau, ta ajiye agogon a tsakaninsu.

Ya kalle shi, ya kau da kai.

"Na danna lambar," ya ce. "Tana kan wayar, yatsana yana kai. Biyar ta cika, na ce bari in ƙara daƙiƙa goma. Leɓenki ya koma shuɗi, Farfesa. Ina tsaye a kanki ina cewa kwana goma sha shida, kwana goma sha shida. Kina mutuwa a gabana ni kuma ina yi miki lissafin bashi." Muryarsa ta karye. "Da ba ki tashi ba, me zan ce? In ce na tsare mata lasin tuƙi?"

Ta so ta ce na gode, kalmar ta ƙi fitowa, don ta ga ba abin godiya ba ne. Ta so ta ce yi haƙuri, ita ma ta yi kaɗan. Shekara goma tana ganin bashin nan nata ne ita kaɗai, ba ta taɓa nauyaya wa kowa ba, har tana alfahari da haka. Ashe duk wanda ta ɗora wa agogon nan a hannu ta ɗora masa wani abu da ya fi agogo nauyi. Kunya ta kama ta.

"Ba zan sake riƙe miki shi ba," in ji Wendell. "In kika sake faɗuwa, kafin ki kai ƙasa na kira. Ki tsane ni in kin ga dama."

"To."

"Kuma ba za ki tuƙa mota yau ba. Akwai yaran mutane a hanyar nan."

Ta ciro makullin motarta ta ajiye kusa da agogon. Gidansa yana gabas da gari, nata yana yamma, su duka sun sani.

"Bakwai da rabi zan riƙa zuwa ɗaukarki," ya ce. "Kar ki sa ni jira, ba na son jira."

Ta buɗe kwalbar maganin ta zazzage a tafin hannu. Ta haɗa rabi biyu ta haɗiye ba ruwa, sannan ta ƙirga sauran da ɗan yatsa, shi ma yana ƙirgawa da ido. In za ta riƙa shan cikakke, na kwana biyar ne.

Wendell ya miƙa hannu ya murza makulli. Motar ta tashi.