Ƙofar Goggo Hajara

Garwa, ƙarfe huɗu da rabi na asuba

Na fito daga gidana a Jambutu kafin kiran salla, na bar wa ƙanena teburin nama. Abin da ya tashe ni wani fim ne da ban ma gani ba. Kwana uku masu sharhi a rediyo suna yabonsa: farautar wani ɗan ta'adda ne a duwatsun Mora, wai babu ƙarya a cikinsa, komai a inda abin ya faru aka ɗauka. To, a guntun tallansa da ke yawo a wayoyi, gidan da mutumin ya ɓuya ƙofarsa shuɗiya ce mai taurari biyu na ƙarfe. Ƙofar Goggo Hajara ce, ƙanwar mahaifina. Bara wasu baƙi suka roƙe ta su ɗauki hoton ƙofar, ta ce bismilla, har ruwa ta ba su.

Figil, ƙarfe bakwai

Nan jandarmomi suka sauke mu duba katin shaida. Da muka koma mota, wani mai tabarau da ke kusa da ni ya buɗe jarida.

"Malam, ka ji labarin fim ɗin nan? An ce ba a taɓa yin irinsa ba."

"Ni nama na sani," na ce.

"Ina za ka?"

"Mora, wajen shanu."

Jarida a hannu, ido a kan mutane. Ban yarda da shi ba, kuma ban ƙara ba shi fuska ba.

Marwa, ƙarfe goma da kwata

Mun ci kilomita ɗari biyu da ɗoriya. Na sha shayi da burodi a tasha, na shiga ƙaramar motar Mora. Ina zama sai ga mai tabarau ya shigo. Nan take na rufe ido. Kilomita sittin ɗin nan na yi su ina barcin ƙarya.

Mora, bayan azahar

Na tarar da Goggo zaune da ƙosan safe, ya huce a faranti, ba wanda ya saya. Tun da tallan fim ɗin ya fita, sau biyu 'yan sintiri suna bincike mata gida, maƙwabta kuma sun hana 'ya'yansu zuwa. Na ce ta biyo ni Garwa, ta ce ko kusa.

Muna cikin haka sai ga mai tabarau a bakin ƙofa, yana ɗaukar hoto. Ashe ɗan jarida ne, ya zo ganin gidan da idonsa.

"Mama, a wane ɗaki ɗan ta'addan ya kwana?"

"Ɗana, shekara talatin ina gidan nan, ko kazar wani ban taɓa ɓoyewa ba."

Ya rubuta, ya yi godiya, ya tafi. Me ya rubuta, Allah masani.

Fenti ba zai ɓoye taurarin ba, sai dai a cire ƙofar. Marigayi mijinta, mai walda, shi ya ƙera ta da hannunsa. Goggo ta daɗe tana kallonta.

"Cire, Sale. Amma kada ka sayar, kada ka shafe ta."

Kafin magariba mun cire ta, mun kafa wata ta kwano. A zaure na kwana.

Hanyar dawowa

Ƙarfe shida muka tashi, ƙofar naɗe cikin tabarma a saman mota. Direba ya tambaya, na ce gado ne. Dab da Marwa wani jandarma ya sa aka kwance. Ya dubi taurarin, ya dube ni. Sai ya yi dariya.

"Irin ta fim ɗin nan ce sak! Ina ake yin su? Ina so."

"Ranka ya daɗe, mai yin su ya rasu."

Na iso Jambutu da la'asar lafiya, na gode wa Allah, na gode wa direban da bai tsananta tambaya ba. Ƙofar tana ɗakina, fuskarta na kallon bango. Jiya Goggo ta bugo waya, ta ce mutum biyu sun sayi ƙosai. Sannan ta ce in riƙa ɗiga wa makullin mai, wai haka marigayi yake yi.